Ƙuduji a Gonar Zuciya

A karanta: Markus 12:28-34

Ɗan'uwa, ka san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira gaugai. Ka shuka hatsi, ruwa ya sauka, ka yi noma, ka yi maimai, amma hatsin ya ƙi tashi. Ba ka ga kome ba tukuna, gama ɓarnar tana ƙarƙashin ƙasa. Ƙuduji ya kama saiwar hatsi yana shan ruwansa da abincinsa. Kafin ya fito da furensa mai kyaun gani, ya riga ya yi ɓarna.

Haka yake da zuciyar mai bi da yawa. Yana zuwa sujada, yana waƙa, yana ba da baiko, amma ƙaunarsa ga Allah ba ta girma. Wani abu yana shanye ta a ɓoye.

Abin da Allah yake so

Wani malamin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce ta fi girma. Yesu ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a 6:4-5. Allah ɗaya ne, saboda haka ba ya karɓar rabin zuciya. Zuciya, da rai, da hankali, da ƙarfi, duka nasa ne.

To, gwada kanka. Ran da yaronka ya kwana da zazzaɓi, ina hankalinka ya fara zuwa, wurin Ubangiji ko wurin layar da aka ɓoye a jinka? Da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ka dogara gare shi, ko ka yi gunaguni? Da aka ci maka iyakar gona, ka gafarta, ko har yau kana riƙe da maƙwabcinka a zuci? Ke uwargida, ya zamanki da matar da ta yi miki habaici a bakin rijiya? Tsoro, da son kuɗi, da riƙo, su ne ƙudujin zuciya.

Ƙoƙarinka bai isa ba

Watakila ka ce, "Daga yau zan ƙara himma." Bitrus ma haka ya yi. Ya yi alkawari ko da za a kashe shi ba zai yi musun Yesu ba. A wannan dare kuwa, wata baranya ta yi masa magana, tsoro ya kama shi, har sau uku ya ce bai san Yesu ba (Markus 14:66-72). Bitrus yana ƙaunar Ubangiji da gaske, amma ya dogara ga ƙarfin kansa.

Kowane manomi ya sani ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji. Tugewa kaɗai ba ta isa ba, sai an sa taki. Gona kuwa ba ta yi wa kanta taki. Ɗauko shi ake yi daga gida, ko a roƙi makiyayi ya kwana da shanunsa a cikinta. Haka alherin Allah yake. Daga wurinsa yake zuwa, kyauta ne, ba ladan aikinmu ba.

Allah ya yi alkawari zai cire zuciyar dutse ya ba da sabuwa (Ezekiyel 36:26). Shi ne ya fara ƙaunarmu (1 Yahaya 4:19), ya ba da Yesu Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Ruhu Mai Tsarki ne yake zuba wannan ƙauna a zukatanmu (Romawa 5:5). Bayan tashinsa daga matattu, Yesu bai kori Bitrus ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yahaya 21:15-17).

Me za ka yi?

Da fari, ka faɗa wa Allah gaskiya. Ka kira ƙudujinka da sunansa, kada ka ɓoye.

Na biyu, ka roƙi alheri kowace safiya kafin ka tafi gona. Uba yana ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙonsa (Luka 11:13).

Na uku, abin da ya fito fili ka tuge shi tun bai zuba iri ba. Masu bi na Afisa sun ƙone littattafansu na sihiri a gaban jama'a (Ayyukan Manzanni 19:19). In akwai laya, ka fitar da ita. In akwai gaba, ka je ku shirya.

Na huɗu, ka tara iyalinka da dare ku karanta Maganar Allah, ku yi addu'a tare.

Kada ka karai in ka sāke ganinsa. Irin ƙuduji yakan daɗe shekaru a ƙasa, amma mai gona ba ya barin gonarsa. Ubangiji ma ba zai bar ka ba.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa Bitrus ya fāɗi?
2. Wane abu ne yake shan ƙaunarmu ga Allah a gidan nan?

Addu'a

Ya Uba, zuciyata a rabe take, ni kuwa na kasa gyara ta. Ka yi mini alheri saboda Yesu, ka ba ni zuciya ɗaya, in ƙaunace ka fiye da kome. Amin.