Lamba Ba Ma'auni, Aikin Banza

Abokan sana'a masu haɗa na'urori da manhaja, ina da ƙorafi a kan takardun bayanin da muke rubutawa. Aikina a nan Abuja shi ne harhaɗa ƙananan allunan lantarki masu aiki da Linux, waɗanda ke lura da batiran sola da zafin ɗakunan injina. Kayan aiki ba su da wuya, kasuwar Banex na nan a Wuse 2. Bayanin da zai gaya maka abin da na'urar take nufi, shi ne jidali.

Ga misali. A ɓangaren hwmon na Linux, idan ka buɗe fayil ɗin temp1_input ka ga 42000, digiri 42 ke nan, don ana ƙirga zafi da kashi ɗaya cikin dubu na digiri. A ɓangaren power_supply kuwa, wannan zafin 420 zai nuna maka. Haka ƙarfin wuta: batiri mai bolt 12 zai fito 12000 a hwmon, a power_supply kuma 12000000. Duk an rubuta wannan, amma sai wanda ya san inda zai tona.

Wani ɗan bautar ƙasa da ya yi aiki tare da mu ya umarci fanka ta tashi idan lambar ta wuce 45. Lambar kuwa a dubbai take zuwa, don haka fanka ba ta taɓa hutawa ba. Da yake watan Maris ne, kowa ya ɗauka zafin Abuja ne kawai. Sai da damina ta sauka, gari ya yi sanyi, fankar tana ta juyi tana shan batiri, sannan aka farga. Ban ga laifin yaron ba. Takardar da kamfanin allon ya bayar shafi guda ta ɓata tana yabon na'urar, ba ta ambaci ma'auni ba.

Su kansu masu Linux sun san da matsalar. A 2016, ƙarƙashin jagorancin Jonathan Corbet, suka mayar da takardunsu kan tsarin Sphinx, suka fi daɗin karatu ƙwarai. Sai dai kyan shafi ba ya maye gurbin jimlar da ba a rubuta ba.

Don haka idan za ka bayyana wata kafa tsakanin na'ura da manhaja, fara da ma'auni tun a layin farko. Faɗi mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma, ko karantawa kawai ake yi ko har da rubutawa, da abin da zai bayyana idan an zare na'urar ana tsakar aiki (wannan kusan kowa yana tsallake shi, alhali a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama shi ya fi faruwa). Sa misali ɗaya na gaske, wanda ka kwafo daga allonka. Jimlolin Turancin su zama gajeru, don yawancin masu karanta ka a makaranta suka koye shi.

Kafin ka saki takardar, miƙa ta ga sabon shiga, ka zauna gefe ka kame bakinka. Duk inda ya ɗago kai zai tambaye ka, sa alama a wurin, ka koma ka gyara.