ZINARIYA A HANNUN LIKITOCI: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

1. Ƙurar Zinariya

Mutanen ƙasar Illo sun san zinariya wajen ado da ciniki, sun kuma san ana haƙarta a ƙasar Yawuri. Amma tana da wani amfani wajen likitoci. Masana suna iya mai da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, har sai an jera fiye da 1,000 kafin su kai kaurin gashi guda. In ta ƙanƙance haka sai launinta ya juye, ta koma ja. Wani masani Bature, Michael Faraday, ya bayyana wannan a Landan cikin 1857.

2. Awon Zazzaɓi

Wannan ƙura ta riga ta iso ɗakunan shan magani na karkara. In malamin asibiti ya ɗiga jinin yatsa a kan ɗan allon awon zazzaɓin cizon sauro, bayan kamar minti 15 akan ga jan layi ya fito. Galibi jan nan na zinariya ne, gama an haɗa ƙwayoyinta da abin da ke kama alamar cutar.

3. Hoto da Maganin Sankara

Zinariya ƙarfe ne mai nauyi, tana tare hasken da akan ɗauki hoton cikin jiki da shi. Hanyoyin jinin sankara kuwa suna yoyo, saboda haka in an sa ƙurar cikin jini takan taru a ƙullin, ya fito sosai a hoto. Yawancin wannan gwaji a jikin dabbobi aka yi shi.

Sa'an nan in aka haska ƙwayoyin da wani irin haske, sai su ɗau zafi su ƙone ƙullin, naman da ke kewaye kuwa ya tsira. A Jami'ar Rice ta Amurka aka ƙago wannan dabara. Cikin 2019 aka ba da labarin maza 15 da aka yi wa ita, masu sankarar ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara. Bayan shekara guda, 13 daga cikinsu ba a sami cutar a wurin da aka ƙone ba. Duk da haka gwaji ne tukuna, bai zama maganin kowa da kowa ba.

4. Abin da Ake Bukata ga Hakimai

(a) A gargaɗi Dagatai da Masu Unguwa kada kowa ya sayi wani "ruwan zinariya" a kasuwa ko a bakin iyaka da sunan maganin sankara. Asarar kuɗi ce, da asarar lokaci.

(b) Dutsen zinariya ba magani ba ne, wani ma da dalma a cikinsa. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara saboda niƙa shi a gida.

(c) Wanda ya ga ƙulli a nono ko a wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, lalle a tura shi asibiti tun da wuri. Daga nan likita zai iya aika shi Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

(d) Malaman Hakimai su riƙa karanta wannan takarda a bainar jama'a ranar kasuwa, su tuna musu da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.