Ga Mai Ɗura Harsashin .30-30 da Hannunsa

Tun 1895 maharban barewa a dazukan Amurka suke amfani da harsashin .30-30 Winchester, wanda ya fi dacewa da harbin kusa, kamar mita 150. Idan kai kake ɗura naka, zaɓi dalma mai faffaɗan kai, mai nauyin giren 150 ko 170. A bindigogi irin Winchester 94 harsasai suna jeruwa cikin bututu, kan wannan yana taɓa gindin wancan, don haka mai tsini yana iya tayar da na gabansa. Matse bakin kwanso sosai kada dalma ta nutse ciki. Awon albarushi kuwa, bi littafin masana'anta, ka fara daga mafi ƙanƙanta. Kada ka ƙiyasta da ido.