Darasi: Rabon Wuta Tsakanin Na'urorin Cajin Mota

Mai otal ko kanti da ya girka na'urori 10 na cajin motoci masu aiki da lantarki, kowace mai jan kilowat 22, zai buƙaci kilowat 220 idan duk suka kama aiki tare. To, in kilowat 100 kacal taransifomarsa ke iya bayarwa fa?

Sayen babbar taransifoma na da tsada. Mafi sauƙi shi ne a haɗa na'urorin da kwamfuta mai rabon wuta: motoci 10 su sami kilowat 10 kowace, in biyar suka tashi, sauran su sami 20.

Sai dai a kula, ƙa'idar IEC 61851 ba ta amince rabon mota ya gaza amfiya 6 ba. Idan wutar ba ta kai haka ba, dole wasu motocin su jira layi.