TSOHUWAR RIGA BA TA MUTUWA

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudancin Jihar Katsina. Tun zamanin dā mutanen wannan yanki sun shahara da noman auduga. A shekarar 1902 Turawa suka kafa wata ƙungiya a Ingila don neman auduga daga ƙasashen da su ke mulki. Daga baya suka kafa injin gurza a Funtuwa, jirgin ƙasa yana kwasar audugar zuwa bakin teku.

Amma tun kafin zuwan inji, mata su ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye masu tsawo marasa faɗi. Sa'an nan maɗinki ya harhaɗa su, ya yi wa rigar aiki a wuya da aljihu. Babbar riga guda ta kan ci watanni kafin a gama ta. Wanda ya san wannan wahala ba ya jefar da riga don ta tsufa.

Ba ko'ina riga ta ke mutuwa lokaci ɗaya ba. Wuya da kafaɗa su ke fara lalacewa, don nan zufa ta ke taruwa, nan kuma a ke naɗe hannuwa. Bayan riga da hannayenta su kan daɗe da ƙarfinsu. Saboda haka in magidanci ya ga rigarsa ta wuce maho, sai ya ba da ita a yi wa yara tufafi.

Da fari a kan wanke ta da sabulu, a shanya a rana. In ta bushe, sai tela ya ɗaga ta wajen haske. Inda haske ya ratsa ƙwarai, wurin ya mutu, sai a yanke. Sa'an nan ya farke ɗinkin a hankali, ya gwada yaro, ya yanka da ɗan yalwa, gama yaro girma ya ke yi kullum. Daga ƙarshe ya kalmashe bakin, don kada zare ya zare. In launin ya koɗe, a kan kai wa marini ya tsoma a baba, ta fito kamar sabuwa.

Daga riga guda a kan sami 'yar shara da gajeren wando. Abin da ya ragu ya zama majanyi, ko gammo na ɗaukar tulu. Guntayen kuwa su zama tsumma na shafe-shafe.

Irin waɗannan tufafi sun fi amfani da bazara, watau daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da rana ta ke ƙuna. Tsohon yadin auduga ya sha wanki ya yi laushi. Yana shan zufa, iska kuma tana ratsa shi. Yanzu kasuwanni sun cika da kayan gwanjo da a ke kawowa daga ƙasashen waje. Da yawa cikinsu na zaren roba ne, wanda ba ya shan zufa sosai, har ya kan jawo wa yaro ƙurajen zafi.

Ashe yaron da ya sa 'yar shara daga rigar mahaifinsa ba abin dariya ba ne. Ya sha iska, kuɗin gida kuma sun tsira don sayen hatsi da littattafai. Gaskiyar Hausawa da suka ce, da tsohuwar zuma a ke magani.

TAMBAYOYI

1. Wane amfanin gona ne mutanen Faskari suka shahara da shi?
2. Ina ne riga ta ke fara mutuwa? Don me?
3. Yaya tela ya ke gane wurin da ya mutu?
4. Faɗi abu huɗu da a ke samu daga tsohuwar riga.