Yadda Ake Gane Ƙaguwar da Cuta Ta Kama

Mu da ke zaune a Paris da Lyon, yawancinmu a kasuwa kawai muke ganin ƙaguwa, kuma kowace a idonmu lafiyayya ce. Amma ɓawonta mai tauri yana ɓoye abubuwa da yawa. A wannan darasi zan bayyana matakai uku da masana ke bi don gano halittun da ke shiga jikin ƙaguwar bakin teku suna ci daga gare ta.

Mataki na farko shi ne ido. A kife ƙaguwa a duba ƙarƙashin cikinta. Idan an ga wata 'yar jaka mai santsi, wannan ita ce Sacculina. Iyayenmu da suka yi noma a gida sun san ƙuduji, yadda yake maƙale wa saiwar gero ya tsotse ta. Haka Sacculina take yi: tana shiga tun tana 'yar mitsitsiya, ta baza saiwoyi a jikin ƙaguwa. Daga nan ƙaguwar ta daina saɓa, ta daina haihuwa. Namiji ma cikinsa kan faɗaɗa kamar na mace, ya riƙa rainon jakar kamar ƙwansa. Ƙwan gaskiya tsaba-tsaba ne, da haka ake bambanta su. Yves Delage, wanda ya koyar a jami'ar Sorbonne ta Paris, shi ya bayyana rayuwar wannan halitta a 1884, bayan binciken da ya yi a tashar nazarin teku ta Roscoff, wadda aka kafa a 1872.

Mataki na biyu shi ne jini, domin wata cutar ba ta fitowa waje. Ana sa allura a gaɓar ƙafa inda ɓawo yake da laushi, a zuƙo ɗigo kaɗan, a duba da na'urar ƙara girman ƙananan halittu. Jinin lafiyayyar ƙaguwa garai-garai yake. Idan Hematodinium ta yi yawa a ciki, sai ya koma fari kamar madara, ya ƙi daskarewa. Édouard Chatton da Raymond Poisson ne suka fara bayyana ta a 1931, daga ƙaguwar gaɓar Faransa. Ba ta kama mutum, amma tana kashe ƙaguwa, tana kuma lalata naman. A shekarun 1980 ƙaguwar da Faransawa ke kira étrille ta yi ƙaranci ƙwarai a kudancin Bretagne, kuma bincike ya danganta hakan da wannan cuta. Masunta ne suka fi jin jiki.

Mataki na uku shi ne gwajin PCR, irin wanda muka saba jin sunansa lokacin korona. Yana neman alamar gadon ƙwayar cutar a cikin jini ko tsoka, ko da ba ta da yawan da za a gan ta a na'ura. Amfaninsa shi ne a gano cuta da wuri, kafin ta watsu.

Ga abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Ƙaguwar rafi daban take da ta teku: a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru tana iya ɗaukar tsutsar Paragonimus, wadda ke zama a huhun mutum ta sa tari da jini, har a zaci tarin fuka ne. Ta hanyar cin ɗanyar ƙaguwa ko wadda ba ta dahu ba ake kamuwa. Don haka, ko a nan ko an je hutu gida, a dafa ƙaguwa sosai.

Tambaya ga 'yan aji: me ya sa ƙaguwar da ba a ga jaka a cikinta ba za ta iya kasancewa tana ɗauke da Sacculina?