Ya Haddace Sunayen, Amma Waƙar Ta Gagare Shi

Wata uwa daga unguwar Kwarbai a cikin birnin Zazzau ta aiko da tambaya: ɗanta zai zauna jarrabawar WAEC a adabin Turanci, ya haddace ma'anar simili da metafo da sauransu tsaf, amma da an ajiye masa waƙar da bai taɓa gani ba sai ya daskare.

Hajiya, ba kwanya ce yaronki ya rasa ba. An ɗora masa sunaye kafin a nuna masa abin da suke nufi, alhali kuwa abin yana bakinsa tun yana ƙarami. Idan ya ce "barci ya sace ni", ya ba barci hali irin na mutum, mutuntarwa ke nan. Idan kika ce masa "sau dubu na kira ka", kambamawa kika yi. "Ƙanena kamar zaki yake" kamantawa ce, wato simili. A cire "kamar" a ce "ƙanena zaki ne", ta koma siffantawa, wato metafo. Masana adabin Hausa irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun daɗe da tsara waɗannan a ƙarƙashin adon harshe. To ki sa shi ya buɗe littafi, kowane suna na Turanci ya rubuta masa misali guda daga zancen gida, guda daga littafin da ake karanta musu a aji.

Abin yana min ciwo in ji ɗan Zazzau yana tsoron waƙa. A garin nan Sarki Aliyu Ɗansidi ya yi waƙoƙinsa, a nan Aliyu Namangi ya tsara Imfiraji, a nan kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, inda aku ke ba da labari har ya kai ga sarautar waziri. Yaron da ya karanta wannan ya riga ya san mutuntarwa.

Amma gano sunan dabara rabin aiki ne. A tambayoyin zaɓi sunan zai fisshe shi. A na dogon bayani kuwa makin yana ga faɗin aikin da dabarar ta yi. A ce marubuci ya rubuta cewa ganuwar birni ta gaji ta durƙusa. Wanda ya ce "mutuntarwa" ya tsaya bai gama ba. Sai ya ƙara da cewa an mayar da ganuwar ta zama tsohuwar da aka yi watsi da ita, don mai karatu ya ji tausayi, ya kuma ga laifin masu sakaci. Ya saba da tambayar kansa: me aka kwatanta da me, kuma me ake so in ji?

Gatse ne ya fi kayar da ɗalibai. Ki tuna masa ranar da kika ce "ci gaba da wasanka" kina nufin ya daina. Akwai kuma gatsen wasan kwaikwayo, inda mai kallo ya san an zuba wa abinci guba, mai ci bai sani ba.

Wuri ɗaya ne Hausa ba za ta raka shi ba: karin waƙa. Namu yana tafiya ne kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, na Turanci kuwa kan gaɓar da ake dannawa da murya. Wannan sai da kunne. Ya roƙi malaminsa ya riƙa karanta musu waƙa da ƙarfi, shi ma ya maimaita a gida. Kowane mako ya ɗauki gajeriyar waƙa ɗaya daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO, ya yi miki bayaninta da Hausa tukuna, sannan ya rubuta amsar da Turanci ya kai wa malami ya duba.